Launin da ba a rina ba: me ke faruwa idan ka karkata riyal a cikin haske?

Duk lokacin da baƙi suka fara cika Makka da Madina, a Ramadan ko gab da aikin Hajji, shawara ɗaya ce ke yawo a bakin masu canji da jagororin alhazai: kada ka karɓi takardar kuɗi sai ka shafa ta, ka ɗaga ta a haske, ka karkata ta. Biyun farko kowa ya gane su. Na ukun ne ke ɗaure wa mutane kai. Tun da Babban Bankin Saudiyya ya fito da jerin takardun riyal na zamanin Sarki Salman a ƙarshen 2016, ya kuma ƙaro riyal biyar ta roba a 2020, tambayar nan ba ta daina dawowa ba: yaya wuri guda a jikin takarda zai nuna launi ɗaya, ka ɗan juya hannu ya nuna wani? A Shara Mansur da ke Makka za ka ji wani ya ce sinadari ne mai jin ɗumin hannu, wani ya ce madubi aka niƙa a cikin tawada. Na biyun ya fi kusa da gaskiya fiye da yadda shi mai faɗin yake zato.

Amsar tana cikin babi guda na littafin fiziya da 'ya'yanmu ke karantawa a sanawiyya, wato sakandare, babin da Larabci ke kira tadahul da huyud, cuɗanyar igiyoyin haske da kaucewarsu. Yara da yawa sun haddace lissafinsa, su ci jarrabawa, amma idan uba ya ce "to, ɗana, yi min bayani da Hausa", sai a yi shiru.

Kalmomin da ake cakuɗawa

Wanda ya taɓa kama tashar rediyo a gajeren zango, mita 16 ko mita 19, ya riga ya san rabin maganar. Waɗannan mitocin tsawon igiya ne, wato nisan da ke tsakanin doron igiya ɗaya da doron mai bi mata, kamar yadda ake gani a kan ruwa: tudu, kwari, tudu, kwari. Haske da siginar rediyo dangi ɗaya ne, gudunsu ma ɗaya, kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa. Zango ne ya raba su. Ɗauki milimita ɗaya, ƙaramin layin nan na jikin rula, ka raba shi gida miliyan, kashi ɗaya shi ne nanomita. Hasken da ido ke gani zangonsa tsakanin nanomita 400 ne da 700. Ja ne mai dogon zango, shunayya mai gajere, kore yana tsakiya wajen 550. Farin hasken rana kuwa dukkansu ne a gauraye. Faɗin silin gashi guda zai ɗauki zangon koren haske sama da ɗari a jere.

Abubuwa uku ne ake yawan haɗawa wuri guda. Inkisar, ko karyewar haske, shi ne sauya hanyar da haske ke yi idan ya fita daga iska ya shiga ruwa ko gilashi, abin da ke sa cokali ya zama kamar ya karye a kofin shayi. Huyud a Larabci kaucewa ne, kuma sunan ya dace: igiya ce ke kauce wa miƙaƙƙiyar hanya ta bazu idan ta goga gefen wani abu ko ta ratsa ƙaramar kafa, ba tare da ta shiga wani sabon abu ba. Tadahul shi ne cuɗanyar igiyoyi biyu ko fiye a wuri guda, su ƙarfafa juna ko su kashe juna.

Ana jin ladan, ba a ganin hasumiya

Mutumin da ke cikin lungunan unguwar Masfala a Makka yana jin kiran salla ko da gine-gine sun tare masa masallacin. Wani ɓangare na sautin yana dukan bango ne ya dawo, wani ɓangaren kuma kewaye kusurwa yake yi. Sauti yana gudun kusan mita 340 a daƙiƙa, kuma zangon muryar mutum ya kama daga 'yan santimitoci zuwa mita biyu ko uku, wato sa'ar ƙofa, taga da bakin lungu. Ƙa'idar a nan take: igiya tana bazuwa sosai idan kafar da ta bi, ko abin da ya tare ta, bai fi zangonta girma da yawa ba. Shi ya sa idan ana biki a unguwa ta gaba, dum-dum ɗin babbar ganga ke fara isowa, siririyar muryar mawaƙi kuwa sai an matso.

A bakin tekun Jidda ana iya ganin abin da ido. Inda aka jera duwatsu don tare igiya aka bar 'yar ƙofa, igiyar takan zo a miƙe, amma tana wuce ƙofar sai ta buɗe kamar mafici, ta shiga har bayan duwatsun.

Haske ma haka yake yi. Sai dai ƙofar ɗaki ta ninka zangonsa sama da sau miliyan, don haka kaucewar da yake yi a gefenta ba ta kai a lura ba, inuwa ta fito da baki a yanke. Malamin firamare da ya ce haske a miƙe yake tafiya bai yi kuskure ba, malamin sanawiyya da ya ce yana kaucewa shi ma bai yi ba. Kowannensu yana magana ne a kan girman da ya sa a gaba. Ka matse yatsu biyu har tsakaninsu ya zama kamar zare, ka leƙa fitila mai nisa ta ciki, za ka ga hasken ya miƙe gefe da gefe da wasu siraran layuka masu duhu.

Haske da haske su haifi duhu

Wannan ne wurin da hankali ke fara tirjewa. Yi tunanin mata biyu a kan turmi guda. Idan suka sauke taɓarya tare, bugun ya ninku. Idan suna lugude, wannan na sama waccan na ƙasa. Igiyoyi biyu masu zango ɗaya idan suka iso wuri doro a kan doro, sai su haɗa ƙarfi, shi ne littafi ke kira tadahul mai ginawa. Idan doron ɗaya ya faɗa cikin kwarin ɗayar, tudu ya cike rami, sai wurin ya zama fili, babu motsi, kuma a harkar haske rashin motsin nan shi ne duhu. Wannan ne mai rushewa.

Gwajin da ya shahara a kai mai sauƙi ne. A yanka tsaga biyu sirara kusa da juna a jikin wani abu mai tare haske, a haska su da launi guda, a sa bango a baya. Hankali zai ce layi biyu za a gani. Abin da ke fitowa jerin layuka ne, haske, duhu, haske, duhu. Kowace tsaga ta baza haskenta, sannan hasken biyu suka cuɗanya. A tsakiyar bangon nisan daga tsagogin biyu daidai yake, igiyoyin sun iso tare, wurin ya yi haske. Ka ɗan gusa gefe inda hanya ɗaya ta fi ɗayar tsawo da rabin zango, sun iso suna lugude, wurin ya yi duhu. Ka ƙara gusawa har bambancin ya cika zango guda, haske ya dawo. Da jan leza mai zangon nanomita 650, tsagogi masu tazarar rubu'in milimita, da bango a nisan mita 2, tsakanin layi da layi zai kai milimita 5 da ɗan ɗoriya. Abin da ido ba zai taɓa gani ba ya koma abin da rular ɗan makaranta za ta auna.

Hasken da ya ɓace a layukan duhu bai salwanta ba, ya koma layukan haske ne, waɗanda ƙarfinsu ya ninka na tsaga guda har sau huɗu. Mai tambayar dalilin da ya sa ƙwan lantarki biyu a ɗaki ba sa zana irin waɗannan layuka a bango ya yi tambaya mai kyau. Kowane ƙwai yana fitar da igiyoyi barkatai, masu zango iri-iri, kuma takunsu yana sauyawa cikin ƙiftawar da ta fi ƙarfin lissafin ido. Kamar mata ɗari ne kowacce na daka a nata lokacin, sai hayaniya kawai. Dole hasken biyu su fito daga tushe guda, su riƙe taku ɗaya.

Gardamar da ta ci ƙarnuka

Hasan Ibnul Haisam, haifaffen Basra da ya yi aikinsa a Alƙahira, ya rubuta Kitabul Manazir tsakanin 1011 da 1021. Da gwaje-gwaje a ɗaki mai duhu ya tabbatar da cewa haske a miƙe yake tafiya, kuma shi ke shigowa ido daga abin da ake kallo. A kan wannan tushe aka zauna ɗaruruwan shekaru. A 1665 aka buga littafin wani malamin Italiya, Francesco Grimaldi, bayan rasuwarsa, inda ya bayyana cewa gefen inuwar ƙananan abubuwa yana da wasu layuka da tafiya a miƙe ba ta bayyana su.

Daga nan aka rabu biyu. Christiaan Huygens na Holan, a 1690, ya ce haske igiya ne. Isaac Newton na Ingila, a littafinsa na 1704, ya karkata ga cewa ƙananan ƙwayoyi ne masu gudu. Adalci shi ne a ce hujjar Newton ba ta banza ba ce: in igiya ne, me ya hana shi kewaye kusurwa kamar sauti? Babu wanda ya san ƙanƙantar zangon haske da tabbaci a lokacin. Ga kuma girman sunan Newton, wanda ya sa ra'ayinsa ya yi rinjaye kusan shekara ɗari.

Thomas Young, likita ɗan Ingila, ya farfaɗo da maganar igiya a farkon shekarun 1800, ya kawo ƙa'idar cuɗanya, har ya ƙiyasta zangon launuka. A ƙasarsa ya sha suka. Abin da ya karya lagon gardamar a Faransa ya faru. A 1818 Augustin Fresnel ya miƙa wa majalisar masana kimiyya ta Faransa cikakken lissafin kaucewar haske. Ɗaya daga cikin alƙalan, Siméon Poisson, wanda ke ɓangaren ƙwayoyi, ya bi lissafin ya gano cewa in gaskiya ne, to tsakiyar inuwar ƙaramin faifai mai zagaye dole a samu ɗigon haske. Ya kawo wannan ne don nuna cewa lissafin shirme ne. François Arago ya je ya gwada, ɗigon kuwa yana nan. Fresnel ya karɓi kyautar a 1819. A shekarun 1860 James Clerk Maxwell ya nuna cewa igiyar ta lantarki da maganaɗisu ce.

Maganar ba ta tsaya nan ba. A 1905 Albert Einstein ya nuna cewa idan haske ya zo miƙa ƙarfinsa ga ƙarfe, ƙulli-ƙulli yake miƙawa, ƙullin da yau ake kira foton. An maimaita gwajin tsaga biyu da haske mai rauni ƙwarai, daga baya ma da ilektron, ƙananan ƙwayoyin da ke ɗaukar lantarki, ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda Akira Tonomura da abokan aikinsa suka yi a Japan a 1989. Kowane ɗaya yana sauka a matsayin ɗigo guda, amma idan ɗigogin suka taru sai layukan nan na haske da duhu su bayyana. Matsayar masana a yau ita ce lissafin igiya ke faɗin inda ake sa ran foton zai sauka, saukar kuwa ƙulli-ƙulli ce. A kan lissafin babu saɓani. A kan fassarar abin da ke faruwa tsakanin tsaga da bango har yanzu akwai mazhabobi. Su ma kalmomin biyu, huyud da tadahul, masana sun yarda cewa babu katanga tsakaninsu: idan igiyoyin kaɗan ne akan ce cuɗanya, idan daga duk faɗin kafa suke fitowa akan ce kaucewa.

Komawa kan takardar kuɗi

Kafin kuɗi, dubi tantabarun harabar Harami. Wuyan tantabara yana walƙiyar kore, ta juya kai ya koma shunayya. Babu rini kore a gashin. Akwai wata siririyar fata mai ratsuwar haske a saman kowane zaren gashi. Haske ya sauka, wani ya dawo daga saman fatar, wani ya shiga ya dawo daga ƙasanta. Na biyun ya yi tafiyar da ta fi ta na farko da ɗan kaɗan, don haka wani launin zai fito doro a kan doro ya yi ƙarfi, wani ya fito yana lugude ya mutu. Idan kusurwar kallo ta sauya, bambancin tafiyar ya sauya, launin da ya tsira ma ya sauya. Haka kumfar sabulu take, haka ɗigon man mota a kan ruwan da ya kwanta a titi.

Tawada mai sauya launi da ƙasashe da dama ke sa wa kuɗinsu kwaikwayon wannan ce. A cikinta akwai ɓarɓashi ƙanana, kowane ɗaya hawa-hawa: ƙarfe mai mayar da haske a ƙasa, fata mai ratsuwa a tsakiya wadda aka auna kaurinta da nanomita, sai wani ƙarfen siriri a sama da haske ke iya ratsawa. Mai cewa madubi aka niƙa, ka ga bai yi nisa ba. Irin wannan launi yana da tsari: yayin da kake ƙara karkatawa, yana gangarawa ne zuwa gajeren zango, misali daga ruwan zinariya zuwa kore, ko daga kore zuwa shuɗi.

Hologiram kuma, faci ko ɗamara mai sheƙi da ake gani a wasu kuɗaɗe, katin banki da fasfo, da kaucewa yake aiki. An karce fuskarsa da dubban layuka matsattsu, kowane launi ya kauce ta kusurwarsa. Tsohon faifan CD na karatu ko wa'azi shi ne misali mafi kusa: tsakanin layukansa nanomita 1,600 ne, wato layi kusan 625 a milimita guda, shi ya sa yake zuba launuka alhali azurfa-azurfa ne kawai. Akwai kuma nau'i na uku, ɗamarar da zanenta ke motsi idan an juya takarda, wadda galibi ƙananan gilasan ƙara girma ne aka jera a kanta, aikin karyewar haske.

Amfanin duk wannan ga mai karɓar kuɗi shi ne injin kwafi da firinta tawada suke fesawa, kuma tawadar gama-gari launi guda take riƙewa ta kowace kusurwa. Mai jabu yakan manna leda mai ƙyalli. Tana walƙiya, amma ba ta sauyawa daga takamaiman launi zuwa takamaiman launi, zanenta kuma ba ya fita sarai. Saboda haka ƙyalli kaɗai ba shaida ba ne. Hanya mafi sauƙi ita ce a ajiye takardar da aka karɓo daga banki ko na'urar cirar kuɗi a gefe, a karkata su tare, sannan a haɗa da shafawa da ɗagawa a haske.

Tabarau, waya da ɗakin gwaji

Mai shagon tabarau yakan tambaya ko a sa "mai hana ƙyalli", da ƙarin kuɗi. Gilashi tsirara yana mayar da kusan kashi 4 cikin ɗari na haske a kowace fuska. Idan aka shafa masa fata mai kaurin rubu'in zango, wajen nanomita 100, hasken da ya dawo daga samanta da wanda ya dawo daga ƙasanta sai su kashe juna, mafi yawan hasken ya wuce zuwa ido. Ɗan koren nan ko shunayya da ake gani a fuskar gilashin ragowar launin da bai mutu duka ba ne. Shafin yana rage ƙyallin fitilun mota da dare. Ba ya ƙara ƙarfin gilashi, kuma kariya daga hasken rana mai cutar da ido wani abu ne daban da ya kamata a tambaya a kansa. Zafi yana tsattsaga shi, don haka barin tabarau a gaban mota a ranar Makka asara ce.

Kaucewa kuma ita ke kafa wa kowace na'urar gani iyaka. Haske da ya ratsa zagayen kafa ba ya taruwa a ɗigo tsantsa, sai ɗan tabo mai faɗi, kuma ƙanƙantar kafar ke ƙara faɗinsa. A kyamarar waya tabon yakan haura nanomita 2,000, alhali a wayoyi masu tallar megafiksel ɗari ko fiye kowane gurbin ɗaukar haske, wato fiksel guda, bai kai nanomita 1,000 ba. Yawan lambar da ke jikin kwali bai zama yawan abin da hoto zai nuna ba. Madubin likita na haske ma ba ya rarrabe abin da ya gaza nanomita 200. Shi ya sa ake ganin ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a ɗigon jini, amma ƙwayar cutar MERS, wadda aka fara ganowa a Saudiyya a 2012, sai da gwaji na daban.

Wasu na jawo wannan cikin maganar ganin wata, su ce ai babban madubin hangen nesa a Sudair ko Tumair, wuraren duban wata a Saudiyya, ya isa ya kashe gardama. Babban madubi yana tara haske da yawa kuma yana rarrabewa da kyau, wannan gaskiya ne. Amma matsalar jinjirin wata galibi hasken sararin yamma ne da ƙura da ke shanye shi. Hukuncin karɓar shaida kuwa na Kotun Ƙoli ne.

Zoben wata, da gwajin gashi

Zobe iri biyu ke kewaye wata. Babban, wanda tsofaffi ke cewa wata ya yi sansani, yana nisan digiri 22 daga watan, kusan taƙi guda idan ka miƙe hannu. Ƙanƙarar da ke cikin gajimare na can sama ce ke karya haske. Ƙaramin, wanda ke manne da watan, fari-shuɗi a ciki da ja-ja a baki, shi ne na kaucewa, daga ƙananan ɗigon ruwa a siririn gajimare. Ƙanƙantar ɗigon ke ƙara faɗin zoben.

Wannan juyin, ƙaramin abu ya ba da babban zane, ana iya gwada shi a gida. A manna silin gashi guda a tsaye a bakin ƙaramin jan leza irin na nuni, a kashe fitila, a haska bango daga nisan mita 3, a kiyaye kada hasken ya shiga idon kowa. A bangon za a ga ɗigo a tsakiya da jerin gajerun layuka a kwance dama da hagu. Idan tazarar duhu zuwa duhu a gefe guda ta kai santimita 2.8, kaurin gashin wajen kashi 7 cikin ɗari na milimita ne. Gashin jariri, da yake ya fi siriri, layukansa sun fi na babansa nisa da juna.